Takoradi Zuwa Alƙahira Ta Kano: Tarihin Matuƙan da Aikinsu Kai Jirage Ne

A tarihin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda dattawanmu ke kira Yaƙin Hitila, akwai wani rukuni na matuƙan jirgin sama na sojan Ingila da ba a cika ambatonsa ba, domin ba don harbi ko jefa bam aka kafa shi ba. Aikin matuƙinsa shi ne ya karɓi sabon jirgin yaƙi a bakin teku a Takoradi, a ƙasar Gwalkwas wadda ita ce Ghana ta yau, ya tuƙa shi ya ratsa Afirka daga yamma zuwa gabas, ya miƙa shi a Masar ga waɗanda za su shiga fama da shi, sannan ya nemi abin da zai komo da shi ya sake ɗaukar wani. Tsakanin Satumbar 1940 da ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 ne suka bi wannan hanya, kuma Kano da Maiduguri suna cikin manyan zangunanta.

Larura ce ta haifar da aikin. A ranar 10 ga Yunin 1940 Italiya ta shiga yaƙi a ɓangaren Jamus, kafin watan ya ƙare kuma Faransa ta miƙa wuya. Nan take Bahar Rum, wadda ita ce gajeriyar hanyar Ingila zuwa Masar, ta zama wurin da jirgin ruwan kaya ba ya shiga sai da rakiyar manyan jiragen yaƙi, shi ma da sayar da rai. Ga sojojin Italiya jibge a Libiya suna hararar mashigin Suwez, ga wasu a Habasha da Eritiriya, ga man Iraƙi da Farisa a bayan Masar. Jiragen saman da Ingila take da su a yankin kaɗan ne, yawancinsu kuma tsofaffin yayi. Idan aka ce a loda sababbi a jirgin ruwa a zagaya da su ta ƙurewar kudancin Afirka a haura Bahar Maliya, nisan ya ninka fiye da sau uku, tafiyar ta kai wata biyu ko ta zarce, a lokacin da kowane jirgin ruwa ake rububinsa.

Manyan jirage masu jefa bam irin su Wellington suna iya tashi daga Ingila su huta a Jibraltar ko tsibirin Malta su ƙarasa Masar, amma ko su ba kullum suke kai labari ba. A Nuwambar 1940 jirgin da ya ɗauko Owen Boyd, wanda aka naɗa mataimakin kwamandan sojan sama na Gabas ta Tsakiya, ya ƙare a tsibirin Sisili, Italiyawa suka kama shi tun bai ga ofishinsa ba. Ƙananan jiragen farauta masu inji ɗaya kuwa, irin su Hurricane, waɗanda su aka fi buƙata, mansu ba zai kai su ko'ina a wannan hanya ba.

Hanyar da aka koma wa ba sabuwa ba ce. Tun 1925 wani hafsa mai suna Arthur Coningham ya jagoranci jirage uku daga kusa da Alƙahira, suka biyo ta Sudan da Cadi, suka sauka a filin wasan dawaki na Kano ranar 1 ga Nuwamba, zamanin Sarki Usman. Wannan tafiya ce ta fara kawo jirgin sama Nijeriya. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu mako-mako tsakanin Khartum da Kano, daga baya aka miƙa ta zuwa Legas da Ankara, babban birnin Gwalkwas. Don haka lokacin da yaƙi ya zo akwai filayen sauka a jere, sai dai filaye ne na jirgi ɗaya a mako, mai kaɗan, ma'aikata kaɗan, masauki na mutum goma. Shi Coningham ɗin kuwa, shekara 16 bayan saukarsa Kano, shi ne ya zama kwamandan jiragen yaƙin Ingila a hamadar Masar da Libiya, wato shi ke zaune a ɗaya ƙarshen yana jiran abin da zai fito daga Takoradi.

Duk wanda ya dubi taswirar zai ga cewa daga Kano zuwa gabas layin ya hau kan tsohuwar hanyar mahajjata: Borno, Wadai, Darfur, Kurdufan, bakin Nilu. Ba haɗuwar sa'a ba ce. Wannan ɗamara da ke tsakanin Sahara da dazukan kudu ita ce mai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, mai rijiyoyi, mai garuruwa a tazarar da za a iya jurewa. Abin da ya sa alhazan ƙafa suka bi ta ɗaruruwan shekaru, har Hausawa suka kafa unguwanni a Aljunaina da Alfashir da Al'ubayyid, shi ne ya sa masu jirgi suka bi ta. Tafiyar da takan ci wa maniyyaci watanni, wani ma shekaru saboda tsayawa neman guzuri, jirgi yakan yi ta a kwana biyu.

Amma kafin a kwance akwati ko ɗaya, akwai tambayar da amsarta ba a hannun Ingila take ba: ina Cadi za ta karkata? Bayan faɗuwar Faransa, ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma sun bi gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Jamus. Gwalkwas ta wayi gari zagaye da su ta yamma da arewa da gabas. Dahomey, wato Jamhuriyar Benin ta yau, tana tsakanin Ankara da Legas. Nijar ma tana hannunsu, ga Damagaram da sojojinta ba su kai kilomita 250 daga Kano ba. Waɗannan duka ana iya kauce musu, a bi ta kan teku a wuce gaɓar Togo da Dahomey. Cadi ce ba ta kaucuwa, domin tana kwance ne daidai tsakanin Maiduguri da Sudan, fiye da kilomita 1,000 na sararin da babu wata hanya sai ta cikinsa.

Gwamnan Cadi a lokacin Félix Éboué ne, baƙar fata haifaffen Giyana ta Faransa a Kudancin Amurka. A ranar 26 ga Agustan 1940 ya shelanta cewa Cadi ta bi Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya, za ta ci gaba da yaƙi. Gwamnan Nijeriya, Bernard Bourdillon, ya taimaka wajen ƙarfafa masa gwiwa, musamman ta fuskar ciniki, tunda Cadi ba ta da mafita zuwa teku sai ta maƙwabta. A ganina, in za a jera mutanen da hanyar Takoradi ta rataya a wuyansu, Éboué ne a sahun farko, gaban kowane matuƙi da kowane janar. Wata guda bayan shelarsa Ingila da de Gaulle suka gwada karɓe Dakar da ƙarfi suka sha kaye, abin da ya nuna cewa da Fort Lamy, wato Injamena ta yau, ta ƙi, ba a cikin sauƙi za a tanƙwara ta ba.

Takoradi an zaɓe ta ne saboda tashar jiragen ruwanta mai zurfi, wadda aka buɗe a 1928, da filin jirgi a kusa. A Yulin 1940 wani hafsa, H. K. Thorold, ya iso da 'yan mutane kaɗan don share fage, sauran suka biyo a Agusta. A farkon Satumba kayan farko suka sauka, kuma kafin watan ya ƙare ayarin farko ya tashi ya isa Masar cikin kimanin mako guda.

Yana da kyau a tsaya a ga yadda jirgin yake isowa, domin a nan rabin wahalar take. Akwati ne na katako mai girman ɗaki. A ciki gangar jikin jirgin tana ɗaure, fukafukai a cire an jingine su, farfela daban, ƙananan kaya a ƙunshe, ko'ina an shafe da maiƙo don kada gishirin teku ya ci ƙarfe. Leburori su fasa akwatin, a ɗaga gangar da ƙugiya, a sauke ƙafafun, a tura ta rumfa. Makanikai su wanke maiƙon, su ɗaura fukafukai, su haɗa wayoyin da ke juya jirgi, su haɗa bututun mai da na birki, su sa wa injin matatar iska ta musamman saboda ƙura, su rataya ƙarin tankuna biyu a ƙarƙashin fukafukai. A daidaita kamfas, wani matuƙi ya tashi da shi ya zagaya gari ya dawo ya faɗi abin da ya ji ba daidai ba. Akan shafa farin fenti a saman bayan jirgin da wutsiyarsa, don in ya faɗi a daji masu nema su hango shi daga sama. Duk wannan a cikin zafi da laimar bakin teku, inda zazzaɓin cizon sauro yake kwantar da ma'aikata ba ƙaƙƙautawa. Katakon akwatunan ma bai tafi a banza ba, da shi aka yi ofisoshi da ɗakunan ajiya. Wani lokaci kuma, in ana gaggawa, manyan jiragen ruwa masu ɗaukar jiragen sama irin su Furious sukan kawo Hurricane a haɗe, su tashi daga kan ruwa su sauka a filin.

Tafiyar kanta tsarin ayarin fatake ne da jagabansa. Jirgi mai inji biyu, galibi Blenheim, shi ke gaba, domin shi ne yake da mai duba taswira da mai rediyo. Ƙananan jirage wajen shida suna biye da shi. Matuƙin Hurricane shi kaɗai ne a cikin jirginsa, a matse, hannu ɗaya a kan sanda, ba shi da sararin yin lissafin hanya. Idonsa yana kan jagaba. In ya ɓace masa, ya shiga uku.

Ranar farko Takoradi zuwa Legas, kimanin kilomita 600, ta gefen teku. Ta biyu Legas zuwa Kano, kimanin 840, a kan kurmi da tsaunuka, da filayen ko-ta-kwana a Oshogbo da Minna da Kaduna. Kano ita ce wurin da ake duba jirgi da kyau, domin daga ita abubuwa sai ƙara wuya suke yi. Rana ta uku ita ce mai tsawo: Kano zuwa Maiduguri, kimanin 500, a sha mai, sannan a ratsa Cadi ta Fort Lamy zuwa Aljunaina a bakin iyakar Sudan, fiye da 1,000. Ta huɗu a wuce ta gefen tsaunin Marra zuwa Alfashir da Al'ubayyid a shiga Khartum, wajen 1,200. Sauran kwana biyun a bi Nilu zuwa arewa ta Wadi Halfa har Masar, kimanin 1,600. Jimla kusan kilomita 6,000, kwana shida in komai ya tafi daidai, kuma sau da yawa ba ya tafiya daidai.

Mu da muka san hunturun Kano ba sai an yi mana dogon bayani ba. Safiyar da hazo ya sauka, mutum yana tsaye a bakin fili ba ya ganin ƙarshensa, rana ta zama fari fat kamar ba ita ba. A sama abin ya fi muni, domin ƙurar tana kai wa dubban ƙafafu, babu ƙasa babu sama, babu layin da zai nuna wa matuƙi ko a miƙe yake. Sai ƙananan jirage su matso jikin jagaba har fiffike ya kusa taɓa fiffike, awa biyu, awa uku, ba damar kawar da kai. Da damina kuwa hadari ne mai tasowa daga gabas a jere kamar bango, wanda ƙaramin jirgi ba ya iya haye shi, zagaye shi kuma yana cin man da babu rara. Filayen da ba a yi musu daɓe ba su zama taɓo. A Sudan ga guguwar rairayi. Alamomin ƙasa kuma tsakanin Fort Lamy da Alfashir kaɗan ne ƙwarai, daji ne iri ɗaya.

Abin da ya sami matuƙan runduna ta 73 a farkon Disambar 1940 ya isa misali. Suna kan hanyarsu ta zuwa Masar da jiragensu, a tsakanin Aljunaina da Alfashir rediyon jagaba ya mutu, hanya ta ɓace, duhu ya kawo jiki, mai ya ƙare. Dukan ayarin ya sauka a daji. Matuƙi ɗaya ya rasu, wasu jiragen suka ragargaje, sauran suka lalace. Babu abokin gaba ko ɗaya a wurin.

Mai shi ne matsalar da ba a gani a hoto. Jirgi yana ratsa Afirka a kwana shida, amma man da zai sha a kowane zango sai an riga shi isa can ta ƙasa. Kano ta huta, domin jirgin ƙasa yana zuwa mata daga Legas tun kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Maiduguri ba ta ga layin dogo ba sai 1964, don haka manta a mota yake zuwa daga inda dogo ya tsaya, a kan hanyoyin da damina take yankewa. Fort Lamy ta fi haka nisa. A Sudan dogo ya tsaya a Al'ubayyid, daga nan zuwa Alfashir da Aljunaina sai manyan motoci masu nutsewa a rairayi, sai kuma raƙuma ɗauke da garewani. Garwar man ta lokacin mai galan huɗu ce, ƙarfenta siriri, tana yoyo in ta sha jijjiga, zafi kuma yana cinye wani kaso. In jirage bakwai suka sauka a lokaci guda, da hannu ake zuba musu, garwa bayan garwa ko da famfon hannu daga ganga, ana tacewa da fata mai laushi don kada ruwa ko ƙasa su shiga tanki, rana tana dukan ƙarfen har ba ya taɓuwa.

Jamusawa sun gane inda lagon yake. A Janairun 1942 wani jirginsu guda ɗaya, ƙirar Heinkel, ƙarƙashin jagorancin Theo Blaich, ya taso daga kudancin Libiya ya ratsa Sahara ya jefa bama-bamai a filin Fort Lamy, ya ƙone man da aka daɗe ana tarawa. A hanyar komawa shi ma mansa ya ƙare ya sauka a hamada, sai bayan kwanaki aka ceto mutanensa. Harin bai rufe hanyar ba, amma zaɓen abin da aka kai wa harin ya nuna an fahimci yadda take aiki.

Su wa suka gina filayen? Babu katafila a yawancin wuraren nan a 1940. Da gatari aka sare itatuwa, da diga aka haƙo burji, a kwanon sarki aka ɗauko shi a ka, da hannu aka baje aka daɓe. Mutanen ƙasa ne suka yi wannan, su ne kuma direbobi da masu sauke ganguna da masu gadi da kuku da masu wanki, a Takoradi har da masu taya makanikai haɗa jirgi. A Arewa, kamar yadda aka saba a zamanin, ta hannun En'e da hakimai da dagatai ake samo leburorin manyan ayyukan gwamnati, kuma shekarun nan ne aka yi ɗiban mutane aikin tilas zuwa haƙar kuza a Jos, daga 1942 zuwa 1944. Talakan da aka ce ya zo bai cika samun damar cewa a'a ba. Littattafan tarihin yaƙin sun adana sunayen hafsoshi da lambobin jirage ɗaya bayan ɗaya, amma waɗannan mutane sai dai a ce “leburori”. Wannan gibi yana damuna, domin ba tare da su ba babu jirgin da zai wuce Legas.

Su kansu matuƙan, da farko babu wani rukuni tsayayye. Wanda aka tura Masar yaƙi akan ba shi jirgi ya tafi da shi, shi ke nan. Da aikin ya yawaita sai aka tara matuƙa na musamman: waɗanda suka gama wa'adinsu a fagen fama aka ce su huta, da sababbin da ba su da gogewa, da 'yan ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila, da kuma wata tawaga ta 'yan Poland. Waɗannan na ƙarshe da yawansu manyan matuƙa ne da aka ga shekarunsu sun wuce na jirgin farauta, ƙasarsu tana hannun Jamus, suka karɓi aikin da hannu biyu. Har tsohon kwamandan sojan saman Poland, Janar Ludomił Rayski, ya yi aikin kai jirage a Afirka. Kiran wannan aiki hutu kuwa zalunci ne. Mutum ya yi kwana shida a cikin jirgin da jiya aka fito da shi daga akwati, wanda kowane kusa da aka manta ba a ɗaure ba zai bayyana ne a kan daji, sannan ya zauna a benci a jirgin kaya ya komo, da zazzaɓi a jikinsa ko babu.

Komowar ma matsala ce mai zaman kanta. In matuƙa suka taru a Alƙahira babu abin da zai mayar da su, jirage su taru a Takoradi babu mai tuƙa su. Jiragen kamfanin BOAC na Ingila da na Sabena na Beljiyam sun taimaka, kuma a Afrilun 1941 aka kafa runduna ta 117 a Khartum don zirga-zirga a wannan layi. Sai a ƙarshen 1941 aka haɗa matuƙan a ƙarƙashin hukuma guda mai mazauni a Alƙahira, wadda aka sa wa suna Aircraft Delivery Unit, wato rukunin kai jirage. A 1942 aka sa shi ƙarƙashin wata babbar ƙungiya mai lamba 216 da ke kula da jigila a Gabas ta Tsakiya, a Maris na 1943 kuma duk irin waɗannan ayyuka suka koma ƙarƙashin sabuwar rundunar sufuri ta sojan saman Ingila. Wato an shafe fiye da shekara ana aikin kafin a ba shi gida da shugaba, kuma a wannan shekarar ce aka fi shan wuya.

Wuyar ta fito fili a rikicin Firaministan Ingila Churchill da Arthur Longmore, kwamandan sojan sama na Gabas ta Tsakiya. Churchill yana London yana ƙirga jiragen da aka loda a jirgin ruwa, yana tambayar me ya sa waɗanda ke fagen fama ba su kai haka ba. Longmore yana Alƙahira yana ƙirga waɗanda za su iya tashi gobe da safe. Tsakanin lissafin biyu akwai jirage a cikin teku, da na cikin akwati, da waɗanda suka maƙale a Kano ko Alfashir suna jiran wani ƙarfe da babu shi a nahiyar, da waɗanda suka iso amma injinsu ya sha ƙura awa ashirin da wani abu, dole a buɗe shi kafin a tura shi yaƙi. Jiragen Tomahawk na Amurka da suka fara isowa a 1941 sun zo da nasu matsalolin, ga ƙarancin kayan gyara da kayan aikin da suka dace da su, har suka taru a Takoradi. A kan wannan batu gaskiya tana wajen Longmore, amma shi aka kira gida a Mayun 1941, Arthur Tedder ya hau kujerarsa.

Abin da Tedder ya yi da ya bambanta shi ne ya ɗauki gyara a matsayin rabin yaƙi. Ya ba Graham Dawson, injiniya mai zafin nama, iko a kan duk harkar gyara da kayan aiki. Aka buɗe wuraren gyara a warwatse a Alƙahira da kewaye, har cikin kogunan duwatsun Tura, inda Misirawan dā suka sassaƙo duwatsun dala, aka mayar da su wurin gyaran inji saboda bam ba ya kai wa gare su. Aka kafa ƙungiyoyin da ke bin daji da hamada suna kwaso jiragen da suka faɗi. A zangunan hanya aka ƙara makanikai da kayan gyara. Daga nan ne yawan jiragen da ke fita Takoradi ya fara zama yawan jiragen da ke yaƙi.

Sai Amurka ta shigo, tun ma kafin ta shiga yaƙin. A Agustan 1941 Shugaba Roosevelt ya sanar cewa kamfanin Pan American zai gudanar da jigila a faɗin Afirka. Kamfanin ya kafa hedikwata a Ankara, ya kawo kuɗi da injuna da ba a taɓa gani a hanyar ba, ya tsawaita filaye, ya kafa tashoshin rediyo da na duba yanayi da masaukai a Kano da Maiduguri da sauran zanguna. Manyan jiragen Amurka ba sa buƙatar akwati: su taso daga Florida, su bi ta Natal a Barazil, su tsallaka Atilantika, daga tsakiyar 1942 ma suna hutawa a tsibirin Ascension, su sauka Ankara su kama hanyar Kano. Ƙananan kuwa, a Mayun 1942 jirgin ruwan yaƙi Ranger ya kawo guda 68 ƙirar P-40 suka tashi daga kansa zuwa Ankara, a Yuli ya sake kawo 72. Kafin shekarar ta ƙare sojan saman Amurka ya karɓi aikin daga hannun kamfanin. A wannan lokaci hanyar ta wuce batun Masar kaɗai, domin daga Khartum wasu jiragen Indiya da Sin suka nufa, wasu kuma Rasha ta hanyar Farisa.

Lokacin da aka gwabza a El Alamein da ke Masar a ƙarshen Oktoban 1942, sama tana hannun Ingila da ƙawayenta. Ba daidai ba ne a ce hanyar Takoradi kaɗai ta kawo haka, domin jirage da yawa sun zo ta Bahar Maliya a jirgin ruwa, Jamus kuma ta kwashe ƙarfinta zuwa Rasha. Inda hanyar ta fi nauyi shi ne tun baya, a 1940 da 1941, musamman bayan asarar da aka tafka a Girka da tsibirin Kirit, lokacin da jirage ashirin da suka iso a wannan mako suka fi ɗari da za su iso bayan wata biyu amfani.

Nasarar ce kuma ta rage mata daraja. A Nuwambar 1942 sojojin Amurka da Ingila suka sauka a Maroko da Aljeriya, gwamnan Afirka ta Yamma ta Faransa a Dakar ya sauya sheƙa, a Mayun 1943 sojojin Jamus da Italiya suka miƙa wuya a Tunisiya, Bahar Rum ta buɗe. Babu sauran dalilin kai akwati Gwalkwas alhali ana iya sauke shi a Kasabalanka ko Iskandariyya. Zuwa ƙarshen 1943 haɗa jirage a Takoradi ya ja baya ƙwarai, matuƙan rukunin suka koma wasu layuka a Arewacin Afirka da Italiya da Indiya, ko da yake jiragen kayan Amurka sun ci gaba da bin Kano zuwa gabas.

Filayen dai sun zauna. Na Takoradi yana hannun sojan saman Ghana. Na Ikeja, wanda aka gina a shekarun yaƙin, shi ya zama babban filin Legas. Kano ta fito daga yaƙin da dogon titin sauka da tashar rediyo da ma'aikatan da suka san aiki, don haka da kamfanonin Turai irin su BOAC da KLM da Sabena suka fara ratsa Sahara zuwa Kwango da Afirka ta Kudu, a nan suke sauka su sha mai, daga nan kuma jigilar alhazai ta sama ta bunƙasa a shekarun 1950. Gajeren zangon jiragen zamanin ne ya ba Kano wannan matsayi, kuma da jirage masu dogon zango suka yawaita daga shekarun 1960, kamfanonin suka riƙa janye saukarsu ɗaya bayan ɗaya.